Ranar da Gaddafi ya zo Kano, da abin da ya iso mana Mafara

   

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga darasin yamma, wani ɗalibina na babban aji ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, don Allah dubi wannan." Tsohon hoto ne, duk ya dusashe, na ranar da shugaban Libiya, Kanar Mu'ammar Gaddafi, ya zo Kano. Wanda ya ɗora shi a Facebook ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa Nijeriya ba ta taɓa yin masoyi kamar wannan bawan Allah ba, kuma da yana raye da ba mu shiga halin da muke ciki ba. Yaron ya ce, "Malam, gaskiya ne?" Na ce masa ya ba ni kwana biyu, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. Abin da na tattara masa shi ne nake son mu duba tare da kai, ya ɗan'uwa mai karatu.

Ina ɗan shekara tara aka yi wannan ziyara, a watan Mayu na 1997. Jihar Zamfara kanta a lokacin watanninta bakwai kacal da ƙirƙirowa. Abin da ya sa ba na manta ranar shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke da ɗan shagon tireda a nan Talatar Mafara da kuma gonar shinkafa a hanyar Maradun. Da ya ji sanarwa a rediyo sai ya rufe shago, ya haɗu da wasu abokansa daga Bakura, suka bi ta Gusau da Funtuwa zuwa Kano. Bayan kwana uku ya dawo, muryarsa ta dushe saboda kabbara, da hoton Gaddafi a naɗe cikin jarida. Bai ko hango fuskar mutumin da kyau ba saboda cunkoso, amma wannan bai rage masa komai ba. Ya sa aka yi wa hoton gilashi, ya rataye shi a shago sama da buhunan sukari. Makonni aka yi ana zuwa jin labari a bakinsa.

Ban kawo wannan don in yi wa kawuna dariya ba. Abin da ya kai shi Kano abu ne mai kyau a zuciyar Musulmi: ya ji cewa ga wani shugaba Musulmi da manyan ƙasashe suka hana shi tashi sama, ya tashi, ya zo ya yi salla da talakawa. Niyyar kawu tsarkakakkiya ce. Tambayata a kan niyyar gwamnatoci take, da kuma abin da ya biyo baya.

Mu fara da halin da baƙon yake ciki. A watan Disamba na 1988 bam ya tarwatsa wani jirgin saman fasinja na Amurka a sararin garin Lockerbie, mutum 270 suka halaka. Amurka da Ingila suka zargi wasu 'yan Libiya biyu, suka nemi a miƙa su, Libiya ta ƙi. A 1992 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 748, wanda ya haramta zirga-zirgar jiragen sama zuwa Libiya ko daga cikinta. Shekara biyar ke nan Gaddafi yana cikin wannan ƙangi. Ya nemi ƙasashen Larabawa su karya takunkumin tare da shi, suka yi ta jan ƙafa. Daga nan ne ya fara juyo da fuskarsa kudu da Sahara.

Masu masaukin kuma fa? Janar Sani Abacha ya shiga tsaka mai wuya tun bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995, abin da ya sa aka dakatar da Nijeriya daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, Turai da Amurka kuma suka juya masa baya. A Nijar, Janar Ibrahim Ba'are Mainasara ya hau mulki ta hanyar juyin mulki a Janairun 1996, shi ma yana neman wanda zai tsaya kusa da shi a hoto. To ka ga mutum uku ke nan, kowanne duniya ta ƙaurace masa gwargwado, kowanne yana bukatar ya nuna yana da abokai.

Ranar 8 ga Mayu 1997 jiragen Libiya suka sauka a Yamai. Washegari, Juma'a, wadda ta dace da farkon Muharram na 1418, Gaddafi ya iso Kano, aka yi sallar Juma'a da shi, ya yi wa jama'a jawabi. Gwamnatin Abacha ta ba shi lambar girma mafi daraja ta ƙasa, wato GCFR, wadda a al'ada shugabannin Nijeriya ake bai wa. Jiragen suka koma gida ranar 10 ga wata. Kwana goma bayan haka Kwamitin Sulhu ya fitar da sanarwa cewa wannan tafiya saɓa wa ƙudurinsa ce. Iyakar abin da aka yi ke nan, sanarwa.

A nan akwai wani ɗan abin lura ga ɗalibin ilmi. Mutumin da ya zo taya mu bikin sabuwar shekarar Hijira, shi ne tun ƙarshen shekarun 1970 ya daina ƙidayar shekara daga Hijira a ƙasarsa, ya mayar da ita daga wafatin Manzon Allah (SAW), saɓanin abin da Sayyidina Umar (RA) da sahabbai suka tsayar. Malamai da yawa a duniyar Musulmi sun yi masa raddi a kan wannan, da kuma maganganunsa game da matsayin hadisi. Mutanenmu da suka cika Kano a ranar, kaɗan ne suka san haka. Ba na kawo shi don tonon asirin mamaci. Allah Ya karɓi baƙuncinsa, hisabinsa yana wurin Ubangijinsa. Na kawo shi ne don a gane cewa sallar da aka yi addini ce, amma tafiyar da ta kawo shi siyasa ce.

Wa ya ci ribar wannan tafiya? Libiya, ba tare da wata tantama ba. Ta nuna cewa za a iya keta takunkumin, sama kuma ba ta faɗo ba. A watan Oktoba na wannan shekara Nelson Mandela ya je Turabulus, ko da yake shi ta mota ya shiga daga Tunisiya don kada ya karya doka. A Fabrairun 1998 Gaddafi ya kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara, Nijar na cikin waɗanda suka fara shiga, Nijeriya ta bi sahu a 2001. A Yunin 1998, a taron Wagadugu, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke shawarar daina mutunta haramcin jiragen idan ba a sasanta ba. A Afrilun 1999 aka miƙa mutanen biyu don a yi musu shari'a a ƙasar Holan, aka jingine takunkumin, a 2003 aka ɗage shi gaba ɗaya. Ranar 9 ga Satumba 1999 shugabannin Afirka suka taru a garinsu Gaddafi, Sirt, suka aza harsashin Tarayyar Afirka. Duk wanda ya jera waɗannan zai ga Yamai da Kano matakala ce a tsanin da mutumin ya hau ya fita daga rami. Dabara ce ta ƙwararre, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙasarsa ya yi wa aiki.

Mu fa? Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, wata goma sha uku bayan ziyarar. An kashe Ba'are ranar 9 ga Afrilu 1999. Kafin a cika shekara biyu, duka masu masaukin biyu sun bar duniya, kuma zumuncin da aka ƙulla a kan kafaɗunsu ya bi su. Dalili kuwa a fili yake: ƙawancen mutum da mutum ne aka yi, ba na hukuma da hukuma ba. Ba a gina wani abin da zai tsaya da ƙafarsa bayan an naɗe darduma ba.

Jarrabawar farko ta zo da wuri. A watan Satumba na 2000 rikici ya ɓarke a garin Zawiya da wasu sassan yammacin Libiya, matasan gari suka far wa baƙaƙen fata 'yan ci-rani. An kashe mutane da dama, aka kwaso dubban 'yan Nijeriya da 'yan Gana aka dawo da su gida. Shekara uku ke nan da kabbarar Kano. Shugaban da ya buɗe ƙofa ya ce 'yan Afirka su zo, bai iya kare su daga mutanensa ba, gwamnatinmu kuma ba ta da wata rubutacciyar yarjejeniya mai ƙarfi da za ta ɗaga ta ce ga haƙƙin ɗan ƙasata. Babban ɗan kawu yana cikin waɗanda suka tafi daga baya, duk da wannan labari. Ya bi ta Agadas, ya yi shekara biyu yana aikin gini a Sabha, ya dawo da kayan jikinsa kawai, domin uban gidansa ya riƙe masa kuɗin wata bakwai, kuma babu ofishin da baƙo marar takarda zai kai ƙara. Ya dawo ya tarar da hoton yana nan a shagon mahaifinsa.

Akwai wani abu da ya faru a Nuwamban 2006 wanda nake so mai karatu ya riƙe shi da kyau, don za mu dawo kansa. Gaddafi ya sauka a filin jirgin saman Abuja don halartar taron ƙasashen Afirka da na Kudancin Amurka, tare da dogarai sama da 200 ɗauke da makamai. Jami'an tsaronmu suka ce a'a, ƙa'ida ba ta yarda baƙo ya shigo da wannan tarin makamai ba. Aka yi ta ja-in-ja na awoyi, har ya fusata ya ce zai taka da ƙafa zuwa cikin gari. Sai da Shugaba Obasanjo ya sa baki. Daga ƙarshe ƙananan bindigogi takwas kawai aka bari suka shiga, sauran aka mayar cikin jirgi. A ganina wannan rana ta fi ranar Kano zama abin alfahari ga Nijeriya, ko da yake babu wanda ya yi mata kabbara.

Daga nan dangantaka sai ƙara tsami take yi. A taron Akara na 2007 Gaddafi ya matsa a kafa gwamnati ɗaya ta Afirka nan take, Nijeriya da Afirka ta Kudu suka ce a bi sannu. A watan Maris na 2010, bayan kashe-kashen da aka yi a yankin Jos, ya fito ya ce maganin Nijeriya shi ne a raba ta biyu, ta Musulmi da ta Kirista, kamar yadda aka raba Indiya da Pakistan a 1947. Nijeriya ta janye jakadanta daga Turabulus, shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, David Mark, ya kira shi mahaukaci. Bai janye ba, sai ma ya ƙara da cewa a raba ta gida-gida kamar Yugoslabiya. Mai riƙe da lambar girma mafi daraja ta ƙasa ke nan yake ba da shawarar a wargaza ƙasar. Na san wasu matasanmu sun ji daɗin maganar a lokacin. Da ma sun karanta yadda rabuwar 1947 ta ci rayukan ɗaruruwan dubban mutane, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, da sun yi tunani sau biyu.

Sai kuma namu rabon na saɓa zumunci, domin adalci ya wajaba a faɗe shi. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya kaɗa ƙuri'a a kan ƙuduri mai lamba 1973, wanda ƙungiyar NATO ta fake da shi ta yi wa Libiya ruwan bama-bamai. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Birazil suka ƙaurace. Nijeriya, wadda ke da kujerar wucin gadi a kwamitin, ta ɗaga hannu ta amince, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. A watan Agusta ta amince da gwamnatin 'yan tawaye, tun kafin Tarayyar Afirka ta yi haka. Ranar 20 ga Oktoba aka kama Gaddafi a Sirt aka kashe shi, aka wulaƙanta gawarsa ta hanyar da Musulunci bai yarda a yi wa ko kafirin da ya zo yaƙi ba. Shekara goma sha huɗu tsakanin lambar girma da wannan ƙuri'a. Ban ji an tambayi kowa a Sakkwato ko Katsina ko Gusau me zai faru da iyakarmu ta arewa idan rumbunan makaman Libiya suka zama marasa mai gadi ba. Ga shi kuwa Bahaushe ya daɗe da cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu dawo gida. Hanyar da ta haɗa Turabulus da ƙasar Hausa ba yau aka fara bin ta ba. Ta nan fataken Gadamas suka zo suka zauna a Kano, ta nan littattafai da takarda suka iso wa malamanmu, ta nan aka kora bayi arewa, ta nan kuma Mai Idris Aloma na Barno ya samo bindigogi a ƙarni na 16. Hanya ba ta zaɓen kaya. Bayan 2011 abin da ta ɗauko ya fara bayyana a Mali a 2012, sannan ya gangaro. Mu da muke zaune a ƙananan hukumomin nan uku da madatsar Bakolori ke shayarwa, ba labari aka ba mu ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandare ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talatar Mafara. 279 aka sako bayan kwana huɗu. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a garin Kaya na ƙaramar hukumar Maradun. Bayan kwana biyu aka katse layukan waya a faɗin jihar, a wannan lokacin ma aka rufe kasuwannin mako, har da kasuwar Talata da garinmu ya samo sunansa daga gare ta. A 2006 an tsaya an ƙirga bindiga takwas a Abuja. Waɗanda suka biyo hamada, babu wanda ya ƙirga su.

Sai dai a nan dole in ja wa kaina birki, in kuma ja wa masu sauƙaƙa magana. A Afrilun 2018, a Landan, Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya danganta kashe-kashen da ake yi da 'yan bindigar da Gaddafi ya horar waɗanda suka watsu bayan mutuwarsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Wata cibiya mai bin diddigin makamai, Conflict Armament Research, ta duba bindigogin da aka ƙwace a Zamfara da Katsina da Kaduna, ta fitar da sakamako a 2020: wasu daga tsofaffin rumbunan Libiya suke, wasu daga Kwaddibuwa, wasu ƙirar Turkiyya ne da aka shigo da su ta teku, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaronmu suka sulale. Bindiga kuma ba ta harba kanta. Cinye burtali da makiyaya, satar shanu, zaluncin da aka yi wa mai ƙaramin ƙarfi a gaban masu shari'a da masu sarauta, kisan gilla da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulanin daji, haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, duk mu muka shuka su da hannunmu. Rushewar Libiya fetur ta zuba, amma ta tarar da wuta tana ci. Saboda haka wanda ya ce Gaddafi ne ya jawo mana wannan bala'i ya yi kuskure, wanda ya ce da yana raye da muna zaune lafiya shi ma ya yi kuskure.

Na san abin da wani zai ce, domin an sha faɗa mini. Zai ce: Malam, ka manta alherin mutumin. Ban manta ba. Babban masallacin Juma'a na Yamai da kuɗin Libiya aka gina shi. Ƙungiyar Da'awar Musulunci ta Duniya da aka kafa a Turabulus a 1972 ta ɗauki nauyin karatun ɗalibai da yawa daga Afirka ta Yamma. Cikin malaman da suka koya mini nahawu da balaga akwai wanda a can ya yi karatu kyauta, kuma har ya rasu yana yi wa Libiya addu'a. Gidaje nawa aka gina a ƙasar Hausa da kuɗin ci-ranin Libiya? Mandela da kansa bai taɓa ɓoye taimakon da ya samu daga gare shi a zamanin wariyar launin fata ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma butulci ba halin Musulmi ba ne. Amma ka lura da abu ɗaya: yawancin alherin nan kyauta ce daga hannun mutum ɗaya, yana bayarwa idan ya ga dama, yana hanawa idan ya fusata. Kyauta daban, haƙƙi daban. Ɗan kawuna a Sabha ba kyauta yake bukata ba, haƙƙinsa yake nema, kuma babu takardar da ta tsare masa shi. Shi ya sa da mai kyautar ya faɗi, har ta kai ga an nuna wa duniya bidiyon gwanjon baƙaƙen fata a 2017, kuma a Oktoban 2024 aka yasar da 'yan wasan ƙwallon ƙafarmu a filin jirgin Al-Abraƙ suka kwana a kan kujeru, har hukumar ƙwallon Afirka ta ba Nijeriya nasarar wasan da ba a buga ba.

Abin mamaki shi ne, addinin da muke kafa hujja da shi wajen son irin waɗannan baƙi, shi ne ya fi kowa tsanantawa wajen rubuta alkawari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, tsakanin Musulmi da Musulmi, ba tsakanin maƙiya ba. Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawura ta buɗe. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya zauna da wakilin Ƙuraishawa, Suhailu ɗan Amru, aka bi sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta, aka sa shaidu, aka faɗi wa'adi na shekara goma, har da hukuncin wanda ya tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan. A shekara ta 9, wadda ake kira shekarar tawagogi, baƙi sun yi ta zuwa Madina, ana karrama su, ana ba su masauki da guzuri, amma Kiristocin Najran da takarda suka koma, wadda ta fayyace abin da ke kansu da abin da ke gare su. Karramawa ba ta taɓa maye gurbin sharaɗi ba.

Ko a nan ƙasarmu muna da misali. A 1824 Kyaftin Clapperton, manzon Ingila, ya iso Sakkwato, kuma ta Turabulus ɗin nan ya biyo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yi ta zama da shi ana tattauna ilmi da ciniki, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila. Da ya dawo a 1826 ɗauke da wasiƙa da kaya, har da makamai, zuwa ga Shehu Laminu na Barno, alhali Sakkwato da Barno suna cikin yaƙi, Sarkin Musulmi bai ce ai abokina ne ba. Ya hana shi wucewa, ya sa aka karɓe kayan. Baturen ya ji haushi ƙwarai, kuma a nan ciwo ya kama shi ya rasu a Afrilun 1827. Ana iya jayayya a kan yadda aka yi, amma manufar a bayyane take: baƙo yana da haƙƙin shimfiɗa, talakawa kuma suna da haƙƙin a duba abin da ke cikin kayansa.

Ban rubuta wannan don Gaddafi kaɗai ba, ya riga ya tafi. Na rubuta ne don na ga halin yana maimaita kansa a wayoyinku. Da Shugaba Erdogan na Turkiyya ya zo Abuja a Oktoban 2021, shafukan matasanmu cika suka yi da hotunansa yana karatun Alƙur'ani; ban ga wanda ya tambayi me aka sa wa hannu ba. Da Shugaba Tinubu ya kai ziyara Faransa a Nuwamban 2024, sai aka koma ɗaya gefen, kowa ya zama mai fassara mafarki, musamman bayan Janar Tiani na Nijar ya yi zarge-zargensa da Hausa a watan Disamba, gwamnatin Nijeriya kuma ta musanta. A duka biyun fuskar shugaba aka kalla, aka yanke hukunci da so ko da ƙi. Ni kuwa abin da nake so ɗalibina ya koya shi ne ya nemi takardar bayan taro ya karanta, ko da Turancin zai wahalar da shi. Ya duba ko an ambaci ɗan ƙasarmu da ke zaune a can, da inda zai kai kuka idan an cuce shi. Ya duba ko an ambaci iyaka da wanda zai tsare ta. Ya tambayi ɗan majalisarsa ko yarjejeniyar ta zo gabansu, domin tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Bayan shekara ɗaya kuma ya sake tambaya, lokacin da kowa ya manta.

Jiya da la'asar na biya ta shagon kawu. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, gonar hanyar Maradun kuwa damina huɗu ke nan bai taka ta ba. Shinkafar da yake sayarwa yanzu saro ta yake yi. Hoton yana nan, gilashin ya tsage ta gefe guda. Na gaishe shi, na ba shi labarin abin da nake rubutawa, na karanta masa wani sashe. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sannan na ce, "Kawu, ko in sauke maka shi?"

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Bar shi, ɗana. Ni ba don gwamnati na je ba. Na je salla ne, kuma na yi." Ya juya ya auna wa wata yarinya sukari rabin gwangwani. Da ta tafi sai ya ce, "Amma wannan maganar ta bindiga takwas, sake karanta mini ita."